Taɓin hankali ba gadon dole ba ne

Aure nawa aka fasa a wajen bincike don kawai an ce "ai gidansu akwai taɓin hankali"? Abin yana ci mini rai. Gado yana da hannu, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

Dubi tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne. Sau da yawa Hassan zai kamu da sikizofireniya, cutar da ke sa mutum jin muryoyin da babu su, Husaini kuwa lafiyarsa ƙalau. Cikin dalilan da masana ke hasashe akwai wasu ƙananan alamomin sinadari da ke manne wa ƙwayoyin halitta, suna kunna su ko kashe su kamar makunnin fitila. Yunwa da wahalar ƙuruciya kan sauya su.

A ƙasar Holan, yaran da aka ɗauki cikinsu a tsananin yunwar 1944 zuwa 1945 sun kamu da cutar kusan ninki biyu na sauran. A 2008 masana suka tarar alamomin da ke kan wata ƙwayar halitta mai suna IGF2 a jikin irin waɗannan mutane sun bambanta da na 'yan'uwansu, bayan shekara sittin.