Mahmud Tarzi: Marubucin Waƙoƙin da Ya Kafa Aikin Jarida a Afganistan

Wane ne shi, kuma me ya raba shi da ƙasarsa?

An haifi Mahmud Tarzi a garin Gazni na Afganistan a shekarar 1865. Mahaifinsa, Gulam Muhammad Tarzi, ɗan gidan sarauta ne kuma sanannen marubucin waƙoƙi. Sarki Abdurrahman Khan ya zarge shi da mara wa abokan hamayyarsa baya, ya kore shi da iyalinsa a farkon shekarun 1880. Suka zauna Karachi, daga bisani suka yada zango a Dimashƙa, ƙarƙashin Daular Usmaniyya. Mahmud ya yi kusan shekara 20 a waje.

Me ya samu a wannan zaman?

Kusan duk abin da ya yi aiki da shi daga baya. Ya ƙware a Turkanci da Larabci, ya yi aikin ofis a gwamnatin Usmaniyya, ya auri Asma Rasmiya, 'yar Dimashƙa. Mafi muhimmanci, ya ga yadda jaridun Santambul da Sham ke tattauna ilmin zamani da mulkin mallaka ba tare da sun saki addini ba. Da Abdurrahman ya rasu a 1901, ɗansa Habibullah ya yi wa korarru afuwa, Tarzi ya koma Kabul.

Yaya jaridarsa take, kuma ta yaya ake buga ta?

Sunanta Sirajul Akhbar. An taɓa fitar da ita a 1906 a hannun wani editan, amma fitowa ɗaya ta yi aka rufe. Tarzi ya farfaɗo da ita a watan Oktoba 1911, tana fita sau biyu a wata da Farisanci, wani lokaci da waƙoƙin Pashto. Da farko bugun dutse ake yi: magatakarda ya rubuta shafi da hannu da tawada mai maiƙo, a ɗora rubutun a kan dutse mai santsi, a jiƙa shi, a shafa tawada, ta kama inda rubutu yake kawai, sannan a danna takarda. Aikin na da jinkiri, gyaran kuskure kuma wahala ne. Daga baya aka koma jera haruffan ƙarfe, har ana sa hotuna.

Labaran waje yakan ɗebo su daga jaridun Turkiyya, Iran da Indiya ya fassara. A 1918 ya ƙara da wata ƙaramar jarida ta yara, Sirajul Atfal. Ya kuma fassara littattafan marubucin Faransa Jules Verne daga Turkanci, da tarihin yaƙin Rasha da Japan, domin mai karatu ya ga ƙasar Asiya ta kayar da babbar daular Turai.

Waƙoƙinsa fa?

A nan ya fi saɓa wa al'ada. Waƙen Farisanci na fada ya saba da yabon sarki da begen masoyi. Tarzi ya riƙe ma'auni da amsa-amo na gargajiya, amma ya zuba musu wayar tangaraho, jirgin ƙasa, kwal, makaranta da kishin ƙasa. Masu nazari da dama na ganin waƙoƙin sun fi ƙarfi wajen wa'azi da faɗakarwa fiye da zaƙin baiti, kuma akwai gaskiya a ciki. Shi dai burinsa a karanta a farka.

Ina ya yi karo da hukuma?

A lokacin, tun yarjejeniyar Gandamak ta 1879, Ingila ce ke riƙe da harkokin wajen Afganistan, tana kuma ba sarki kuɗin tallafi. A yaƙin duniya na ɗaya Habibullah ya zaɓi zama 'yan ba-ruwanmu, Tarzi kuwa zuciyarsa na tare da Turkiyya. A 1916 ya rubuta sharhi da taken kiran salla, "Hayya alal falah", yana neman cikakken 'yanci, sarki ya hana a yaɗa shi. Abin da ya kare shi, har da surukuta: 'ya'yansa mata biyu na auren 'ya'yan sarki, Inayatullah da Amanullah.

Me ya sa ya mutu a gudun hijira kuma?

An kashe Habibullah a Fabrairun 1919, Amanullah ya hau gadon mulki, 'yar Tarzi, Soraya, ta zama sarauniya. Tarzi ya zama ministan harkokin waje, ya jagoranci tattaunawar da ta kai ga yarjejeniyar 1921 da Ingila, ya kuma yi jakadanci a Faransa. Matarsa ta jagoranci mujallar mata ta farko a ƙasar, Irshadun Niswan.

Matsalar ita ce gaggawa. Bayan rangadin Turai na 1927 zuwa 1928, Amanullah ya ɗora dokokin sutura, karatun 'yan mata da haraji a kan jama'ar karkara, ga malamai da shugabannin ƙabilu ba a shawo kansu ba, ga rundunar soja ba ƙarfi. Tarzi ya ba shi shawarar a bi a sannu, bai ji ba. Ƙabilar Shinwari ta yi tawaye a ƙarshen 1928, wani madugun 'yan tawaye, Habibullah Kalakani, ya kama Kabul a Janairun 1929. Tarzi ya fice, ya rasu a Santambul a watan Nuwamba 1933, a can aka binne shi.