Koci ne matsalar tawagar ƙasa, ko an bar jaki ana dukan taiki?

Me ya sa da tawagar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta fara tangal-tangal sai a taso wa koci?

Saboda shi kaɗai ake iya kora. Ba a sayo wa ƙasa ɗan wasa kamar yadda kulob ke yi, kuma ba a sallamar mutum 11 rana ɗaya. Ga shi abin ya shafi tuta, shi ya sa fushin ke wuce gona da iri. A watan Maris na 2022, da Ghana ta hana Najeriya zuwa Kofin Duniya bayan canjaras 1-1 a Abuja, magoya baya sun kutsa cikin fili suka yi ɓarna, kocin Najeriya Augustine Eguavoen kuma ya sauka daga muƙaminsa.

Wane ƙorafi aka fi yi kan salon wasa?

Wai koci matsoraci ne: yana da gwanayen 'yan gaba amma ya tara mutane a baya, ƙwallo sai yawo take tsakanin masu tsaron gida, canji kuma sai wasa ya kusa tashi. Wannan zargin ya bi Gareth Southgate, kocin Ingila a lokacin, har Jamus a gasar Turai ta 2024, inda aka jefe shi da kofunan roba bayan Ingila ta tashi babu ci da Sloveniya. A gasar ce kuma ya kai su wasan ƙarshe, Sifaniya ta doke su 2-1.

A nan nake ganin 'yan kallo na yi wa kocin ƙasa rashin adalci. Suna auna shi da kocin kulob, wanda ke tare da yaransa kusan kullum. Shi kuwa na ƙasa 'yan kwanaki ake ba shi: yara su sauko daga jirgi a gajiye, a yi atisaye biyu ko uku, a buga wasa, kowa ya koma. Tsare gida ana iya koyar da shi a kwana uku. Kai hari mai tsari, wanda kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ruga, yana cin watanni.

To ke nan magoya baya ba su da gaskiya?

Ruwa ba ya tsami banza. Inda suka fi gaskiya shi ne zaɓen 'yan wasa, don wannan kam a hannun koci yake ɗungurungum. Idan yana kiran wanda ke zaman benci a kulob ɗinsa ya bar mai ci kowane mako, ko ya sa ɗan wasa a gurbin da ba nasa ba, ba shi da bakin cewa lokaci ne ya yi masa kaɗan.

Korar koci tana magani?

Wani lokaci, har ta ba da mamaki. Kwaddibuwa ta sallami kocinta Jean-Louis Gasset ana tsakiyar Kofin Afirka a Janairun 2024, bayan Ikwatoriyal Gini ta lallasa ta 4-0 a gida. Mataimakinsa Emerse Faé ya karɓa, ya ɗauki kofin da ci 2-1 a kan Najeriya. Maroko ta rabu da kocinta Vahid Halilhodžić, wanda ya yi tsamin dangantaka da gwanin ɗan wasanta Hakim Ziyech, wata uku kafin Kofin Duniya na 2022. Magajinsa Walid Regragui ya dawo da Ziyech, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Lura dai: a duka biyun gwanayen na nan tun farko, zaman lafiyar sansani da ƙarfin gwiwa ne suka ɓace.

Sifaniya kuwa ta kori kocinta Julen Lopetegui a jajibirin Kofin Duniya na 2018, Rasha ta fitar da ita a zagayen 'yan 16.

Haƙuri da koci fa, ya taɓa biyan wata ƙasa?

Sanagal. Aliou Cissé ya karɓi aiki a 2015, ya sha suka cewa yana daƙile gwanaye irin su Sadio Mané, ya faɗi wasan ƙarshe na Kofin Afirka a hannun Aljeriya a 2019. Hukumar ƙwallon ƙasar ta toshe kunne ta bar shi. A Fabrairun 2022 ya doke Masar a bugun fenariti, ya kawo wa Sanagal Kofin Afirka na farko a tarihinta.