Muhawarar Ƙimar Hannun Jarin Kamfanonin Faifan Ajiya

Faifan ajiya, wanda masu gyaran kwamfuta a Gusau da Birnin Kebbi ke kira had-dis, na'ura ce mai faya-fayai masu juyawa da ke riƙe bayanai a cikin kwamfuta. Kamfanonin da ke ƙera shi sun yi ƙaurin suna wajen saurin hawa da faɗuwar hannun jarinsu. Duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi, masu zuba jari kan raba gari: wasu su ce kaya ya yi araha, wasu su ce faɗuwar da saura.

Tarihi

Kamfanin IBM ne ya fito da faifan farko a 1956, mai faya-fayai 50, wanda bayanan da yake ɗauka ba su kai megabayit 5 ba. A 1980 Seagate, wanda Alan Shugart da Finis Conner na cikin waɗanda suka kafa shi, ya fito da ƙaramin faifai mai megabayit 5 da ya dace da kwamfutar tebur. Daga nan kuɗi suka kwararo. William Sahlman da Howard Stevenson na Jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa daga 1977 zuwa 1984 an zuba kimanin dala miliyan 400 a kamfanoni 43 masu wannan sana'a. A tsakiyar 1983 darajar guda 12 da ke kasuwar hannun jari ta kai kusan dala biliyan 5.4, kafin ƙarshen 1984 ta dawo wajen biliyan 1.4. Kowane kamfani ya yi lissafinsa kamar shi kaɗai ne a fage.

Matsin ya kai wasu ga ha'inci. A wajajen 1987 ma'aikatan kamfanin faifai na MiniScribe suka riƙa cusa bulo a kwalaye ana ƙirga su a matsayin faifai, don littafin kaya ya cika. Kamfanin ya durƙushe a 1990.

Wata faɗuwar ta zo a 1997 da 1998, lokacin da kaya ya yi yawa, tattalin arziƙin Asiya ya girgiza, kwamfuta mai araha kuma ta cika kasuwa. Micropolis ya rufe, Western Digital ya tafka asara, aka sallami Shugart daga Seagate a 1998. Abin da ya fi jan hankali ya faru a 2000: hannun jarin da Seagate ke da shi a kamfanin manhaja na Veritas ya fi ƙimar Seagate ɗin gaba ɗaya a kasuwa, wato kasuwa ta ɗauki masana'antunsa a bakin ƙasa da sifili. Kamfanin zuba jari na Silver Lake da abokansa suka saye sashen faifan a kan kimanin dala biliyan 2, suka mayar da shi kasuwa a ƙarshen 2002.

Tushen saɓanin

Lamarin ya yi kama da na albasar Aliero. In ta yi kuɗi bana, baɗi kowa ya shuka, kaka ta yi farashi ya karye, wadda aka ajiye kuma tana raguwa a rumbu. Faifan da ya kwana watanni a sito darajarsa zubewa take yi, domin sabo mai ɗaukar bayanai fiye da shi ya riga ya fito.

Masu saye a lokacin tsanani na cewa ribar shekara ɗaya ba ma'auni ba ce a nan. Hannun jarin kan yi kamar mai araha daidai lokacin da riba ta kai ƙololuwa, ana dab da faɗuwa, don haka sun fi son auna farashi da yawan ciniki ko da kadarori. Ɗaya ɓangaren na cewa kadarorin ma ba abin dogaro ba ne, tunda injina da kaya na tsufa da wuri, manyan masu saye irin su kamfanin kwamfuta na Dell kuma su ne ke yanke farashi. Tarihi ya ba kowane ɓangare hujja, amma kamfanonin da suka mutu sun ninka waɗanda suka farfaɗo nesa ba kusa ba.

Halin yanzu

Bayan haɗe-haɗe, ciki har da sayen Maxtor da Seagate ya yi a 2006, uku suka rage: Seagate, Western Digital da Toshiba. Ambaliyar Tailan ta 2011, wadda ta shafi masana'antun faifai, ta tada farashi har a shagunan Najeriya. Yanzu SSD, wato na'urar ajiya marar faya-fayai masu juyawa, ta karɓe kwamfutar hannu, cinikin faifai ya koma ga manyan cibiyoyin adana bayanai.