Tsutsar ciki da garkuwar jikin matafiya: tambayoyin da na gaji da amsawa

Wai tsutsar ciki tana kashe garkuwar jiki?

A'a, lallaɓa ta take yi. Tana sa jiki ya sassauta faɗa don ta sami wurin zama, shi ya sa mutum zai yi shekaru da ita bai ji komai ba.

Ƴan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato ne suka kawo mana ita?

Haba dai! Tun kafin su tsallako yankin Gidan Runji na jihar Maraɗi a 2019, yaranmu masu iyo a Gulbi da tabkin Madarunfa suna fitsarin jini. Tsargiya, wadda ita ma tsutsa ke kawo ta, ƴar gida ce. A bar wannan magana.

Ƙanena ya shekara 12 a Faransa, likita zai sa shi kan kortizon, maganin rage kumburi, saboda asma. Akwai matsala?

Nan kam a tsaya a ji. Yawancin tsutsotsin hanji suna mutuwa da kansu cikin ƴan shekaru in mutum ya bar inda ya ɗauko su. Amma akwai wata siririya, sitiranjiloyidis, da ke shiga ta fatar ƙafa in an taka danshin ƙasa ba takalmi. Ita a cikin hanji take haihuwa, ƴaƴan su sake kama mai ita, a yi ta zagayawa. An same ta jikin tsoffin sojojin Ingila da Japanawa suka tsare a yaƙin duniya na biyu, bayan shekara fiye da 30.

Garkuwar jiki ce ke riƙe ta. Kortizon ya danne garkuwar, sai ta bazu har huhu, ta jawo ƙwayoyin cutar hanji cikin jini, kuma wannan yana kisa. Ba na ce ƙanenka yana da ita ba, mai yiwuwa lafiya lau yake. Ya dai buɗe baki ya gaya wa likita inda ya girma, a yi masa awon jini, don awon bayan gida sau ɗaya yakan kasa ganinta. Maganinta ibamektin ne. Shi ma da sharaɗi: in ya taɓa zama a dazuzzukan Kamaru ko Gabon, a fara duba tsutsar ido, domin haɗuwarta da ibamektin na iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Deksan da ake sha don ƙiba fa?

Shi da kortizon Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duk garkuwa suke dannewa. Na sha ganin budurwa ta saya wajen mai tallar magani a tire, ƙulle a leda, rana ta gama dukansa, fuska ta kumbura ana ta barka. Hajiya, ki hana ɗiyarki.

Mai tsutsa zai iya yin allurar rigakafi?

Ya yi. A Habasha an ga tsutsa tana rage ƙarfin allurar tarin fuka, amma ragewa ce kawai.

In sha albendazol shi kenan?

Yana kashe yawancin na hanji. Tsargiya sai firazikwantel, kuma da awon tsayi ko nauyi ake ba da shi. Ka je likita.