Gardamar nan ta iskar kabon ba yau aka fara ta ba

Kullum sai ka ga ana cacar baki a kan ko dazuzzuka da bishiyoyin da ake ta dasawa suna shanye kabon ɗin da ake faɗa, ko kuwa lissafin takarda ne kawai, to wallahi rigimar nan ta girmi da yawa daga masu yin ta.

Yadda ake awon kabon ɗin dai, dogon ƙarfe ake kafawa a daji ko gona, a ɗora na'ura tana auna kaɗawar iska sama da ƙasa sau 10 ko 20 a daƙiƙa ɗaya, wata kuma tana auna kabon da danshi, sai a haɗa lissafin duk rabin awa a ga ko wurin shan kabon yake ko fitar da shi. Tushen lissafin na wani masani ne mai suna Reynolds tun 1895, wani masanin mai suna Swinbank ya gwada shi a Ostareliya a 1951, gwajin da aka yi a jihar Kansas ta Amurka a 1968 kuwa duk ɗalibin fannin ya haddace shi.

Amma 1980 ce ba a cika tunawa da ita ba. A shekarar ne masana uku, Webb da Pearman da Leuning, suka nuna cewa iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi a faɗaɗe take, kabon ɗin cikinta ya fi na wadda ke saukowa ƙaranci, ba wai ganye ne ya sha ba, zafi ne kawai ya faɗaɗa ta, na'urar kuwa ba ruwanta sai ta rubuta maka wai ƙasa ta shanye kabon. Dole a yi mata gyara da lissafi. A daji mai duhu gyaran da sauƙi, amma a busasshiyar ƙasa da tsakar rana, irin wadda aka yi gwajin yanayi mai suna HAPEX-Sahel a kanta kusa da Yamai a 1992, gyaran kan fi abin da ake nema ɗin girma, ɗan kuskure a awon zafi sai ya kifar da sakamakon gaba ɗaya. Shi ya sa a 2008 da wani awo ya nuna hamadar Mojave ta Amurka tana shan kabon mai yawan gaske, masana suka yi caa suna tambayar ina tsiron da ya sha shi.

Ga kuma matsalar dare, idan iska ta kwanta awon ba ya aminta, zubar da shi ake yi a cike gurbin da ƙiyasi, kuma alƙaluman shekarar da ake jifan juna da su a intanet da wannan cikon aka haɗa su.