Me likita ke nufi da "haɗarinsa ya fi yawa" bayan bugun zuciya?

A bakin Bahaushe, "bugun zuciya" magana ce mai fuska biyu. Akwai bugun da kowa ke ji idan ya ɗora hannu a ƙirji, akwai kuma wanda ake cewa "zuciyarsa ta buga". Na biyun shi ne toshewar ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya jini. Kitse ya daɗe yana taruwa a bangon jijiyar, ran nan sai ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta rufe. Naman da ke bayan toshewar ya fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa, tabo ne ke zama a gurbinsa.

To, an kai Baba Asibitin Barau Dikko, ko an wuce da shi asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ya farfaɗo har ya nemi kunu. 'Ya'ya su ce, "Likita, ya tsallake ke nan?" Likita ya ce da sauƙi, amma haɗarinsa ya fi na wasu. Ba wa'adi ya yanke masa ba, wannan na Allah ne. Nufinsa, cikin masu irin wannan ciwo, waɗanda ke ɗauke da wasu abubuwa sun fi saurin rasuwa a kwanakin farko ko a watannin da ke biye.

Wasu abubuwan babu yadda za a yi da su: yawan shekaru, ko kuma a ce ba wannan ne bugun farko ba. Ciwon suga da ciwon ƙoda ma suna ƙara nauyi. Sauran kuwa jikin mara lafiyar ne ke nuna su. Idan awon jini ya faɗi ƙasa, zuciya na gudu, ruwa ya taru a huhu har mutum ba ya iya kwanciya sai a jingine, alama ce famfon zuciyar ya raunana. Tun 1967 wasu likitoci biyu a Amurka, Killip da Kimball, suka kasa masu ciwon gida 4 bisa waɗannan alamomi, kuma har gobe ana amfani da rabon. Hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura, kuma yana nuna yawan jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu: lafiyayya takan tura fiye da kashi 50 cikin 100 na abin da ke cikinta, idan ya gaza 40 an san ta ji jiki.

Amma a ganina, abin da ya fi cin mutane a nan Kaduna shi ne jinkiri. Ƙirji ya ɗaure kamar an ɗora dutse, gumi na tsattsafowa, ciwo na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, sai a ce ai olsa ce. A aiki yaro kemis a Tudun Wada ko Rigasa ya sayo maganin ƙwannafi, a ce bari mu ga zuwa safe. Alhali allurar narkar da daskararren jini ta fi aiki a sa'o'in farko, bayan sa'a 12 kuwa amfaninta ya yi ƙasa sosai. Mata, tsofaffi da masu suga sun fi faɗawa wannan tarko, domin nasu yakan zo ba ciwon ƙirji sosai, sai kasala, tashin zuciya ko sarƙewar numfashi.

Bayan sallama sai wani babin. Mutum ya ji ƙarfi, ya koma shagonsa a Kasuwar Barci, ya ajiye asfirin da maganin rage kitsen jini, wai ya warke. Wani kuma tsada ce ta sa shi ajiyewa, ba ganganci ba. Ga wanda aka sa wa ɗan bututun buɗe jijiya, yanke maganin hana daskarewar jini na iya sa bututun ya toshe farat ɗaya. Komawa ga sigari ko shisha ma haka yake jawo bugu na biyu.

Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba: magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake sha kamar gyaɗa saboda ciwon gwiwa ko baya, suna ƙara haɗari ga wanda zuciyarsa ta taɓa bugawa. Kafin Baba ya haɗiyi ko ƙwaya ɗaya, a nuna wa likitansa kwalin.