Intanet na gida: dayal-of da burodban

Dayal-of ita ce tsohuwar hanyar shiga intanet ta layin wayar tarho na gida, wato irin mai igiya na NITEL, tsohon kamfanin tarho na gwamnati. Ana haɗa kwamfuta da wata na'ura da ake kira modem, sai modem ɗin ya buga lambar kamfanin intanet kamar yadda mutum ke kiran waya, ya yi ta ƙara yana tsuwwa kafin ya kama. Iyakar gudunsa kilobit 56 ne a sakan guda, kuma muddin kana kan intanet to babu mai iya kira ko amsa waya a gidan sai ka sauka. Hoto ɗaya mai megabait 5 sai ya ci wajen minti 12 kafin ya gama sauka.

Burodban kuwa suna ne da ya haɗa duk wani intanet mai sauri wanda a buɗe yake kullum ba sai an buga lamba ba. Wancan hoton a layi mai gudun megabit 10 a sakan guda, sakan 4 ya ishe shi.

A Bauchi gaskiya zaɓi tsakanin dayal-of da burodban ya riga ya yanke kansa. Tun asali gidajen da ke da layin tarho ba su da yawa, galibi ofisoshin gwamnati ne da gidajen manya a Jiyare, shi ya sa yawancin mutane a kafe, wato shagon intanet, suka fara taɓa intanet ba a gida ba, ana biyan kuɗin awa. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 sai layin igiya ya yi ta ja da baya har ya mutu, in babu layin kuma babu dayal-of. Ko a Amurka kamfanin AOL da ya yi suna da shi ya rufe nasa a watan Satumba na 2025.

To yanzu abin da magidanci ke zaɓa shi ne wane irin burodban. Wanda ya fi yawa shi ne na sim, ko dai ƙaramar mifi da ake sawa a aljihu ko rauta ta 4G da ake ajiyewa a falo kowa ya jona, na MTN ko Airtel ko Glo. Sauƙin saye gare shi, amma fa ƙarfinsa ya dogara da nisanka da turken sabis da kuma yawan masu jan netwok a lokaci guda, shi ya sa unguwa mai cike da ɗalibai irin Gwallameji ko Yelwa za ka ga da dare abin yana nauyi, alhali da asuba yana gudu, kuma rautar da ta yi wa wani kyau a Fadamar Mada ba dole ta yi maka a Wunti ba. Ni dai shawarata kullum, kafin ka ba da kuɗinka ari sim ɗin maƙwabci ka gwada a cikin ɗakin da za a ajiye ta, da safe da kuma bayan isha'i.

Akwai fayiba, igiyar gilashi da ake ja har cikin gida, ta fi kowanne tsayawa daram sai dai ba kowace unguwa ta kai ba. Sai Starlink na tauraron ɗan'adam da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana kamawa har ƙauyen da babu turke, amma kuɗin kayansa da na wata-wata ba na kowa ba ne.

Abu biyu ake yawan mantawa. Na farko wuta, rauta ba ta aiki in an ɗauke, don haka a lissafa kuɗin sola ko fawabank tun farko. Na biyu data da ake cewa anlimited, yawanci tana da wani ma'auni da in aka kai shi sai a rage gudu sosai, gidan da yara ke kallon YouTube kuwa cikin 'yan kwanaki za su kai wurin, don haka a tambayi mai shago gigabait nawa ne kafin a rage.